Zare a Kan Sarkin Tanko

Tanko Tela bai taɓa ganin zare a jikin mutum ya ƙyale shi ba. Kana cikin yi masa magana za ka ga idonsa ya sauka a kafaɗarka, hannunsa ya biyo baya, ya tsince ɗan zaren ya hure shi, sannan ya ce, "Ina jin ka." Ya yi wa liman haka a sahun gaba kafin a tayar da salla. Ya yi wa ɗan sandan da ya tare mu a hanyar Kawo. Matarsa Hauwa'u ta ce ranar da ya fara zuwa zance gidansu, bai gama sallama ba ya miƙa hannu gefen mayafinta, har ta juya za ta koma ciki, sai ya nuna mata zaren a tsakanin yatsunsa.

Wata biyu ke nan da muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni ne Ila, mai gyaran fanka da dutsen guga. Shagona yana jikin nasa a Unguwar Kanawa, bango ɗaya ya raba mu fiye da shekara ashirin. Ta bangon nan nake jin ƙarar keken ɗinkinsa, shi kuma yana jin zagin da nake yi wa tsofaffin fankoki. Mutum ne siriri, mai ɗan doro a kafaɗa saboda sunkuyo, ba ya ɗaga murya. Idan aka yi rasuwa a layinmu shi ke ɗinka likkafani, kuma bai yarda a yi masa maganar lada ba. Labarin wasa ɗaya da ya buga nake so in bayar, domin wasan nan ne ya yi magana a madadinsa ranar da bakinsa ya kasa.

Da can dara muke yi a ƙasa, a gindin dalbejiyar da ke gaban shagunanmu, shi da tsinke ni da duwatsu. Wani tsohon soja da ke kawo masa ɗinki shi ya zo mana da darar Turawa, wadda ake ce wa ces. Ya koya mana tafiyar kowane ɗa: sarki gida ɗaya yake takawa, sarauniya duk inda ta ga dama take zuwa, doki tsalle yake yi, sojoji kuwa gaba kawai suka sani. Da tsohon zai koma garinsu ya bar wa Tanko allon da 'ya'yan. Tanko ya ɗinka musu jaka da ragowar yadi, ya rataye ta a ƙusa kusa da almakashinsa.

Mu dai yadda muke buga dara haka muka ɗauki ces. Kowa yana sa baki. Mai shayi ya ce a ci doki, direban Keke mai ƙafa uku ya leƙo ya ce kada a ci. Mutum ya ɗauki ɗa, ya jujjuya shi a hannu, ya ajiye a wani gida, ya ce "A'a, na fasa," ya mayar. Ba wanda ya taɓa ganin laifin haka.

Idan baƙaƙen 'ya'yan ne a hannun Tanko, buɗin wasansa ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba. Mai farare ya turo sojan gaban sarki gida biyu, shi kuma ya tura nasa gida ɗaya tak. Tsohon sojan ya ce sunan wannan buɗi tsaron Faransa, amma Tanko "jan labule" yake ce masa. Sai sojoji su cuɗe a tsakiya su toshe wa juna hanya, ya turo wani sojan daga gefe, ya fito da doki, sannan ya zaro sarauniya a karkace gida biyu ta tsaya tana harar tsakiyar allo. Wannan takun shi ya fi so a duk wasan. In zai yi shi sai ya gyara hula ya ce, "To, Hajiya ta fito unguwa."

'Yarsa Fadila, wadda ke karatun aikin jinya, ita ta gani a waya cewa za a yi gasar ces a wani ɗakin taro a Unguwar Rimi, kuma kowa yana iya shiga. Tanko ya ce shi da ya haura hamsin me zai je nema cikin 'yan makaranta. Ta ce, "Baba, kullum Baba Ila kake ci. Je ka gani ko ka iya ne, ko kuwa shi ne bai iya ba." Na ce mata Allah Ya shirye ta. Amma maganar ta zauna masa. Ya yanka wa kansa farin kaftani sabo, kuma irin na teloli, sai da safiyar ranar ya gama kalmashe hannuwan.

Muka shiga ɗakin. Tebura ne a jere, kowanne da allo da agogo mai fuska biyu, an ɗaura igiya don 'yan kallo su tsaya a bayanta. Alƙalin wasa ya karanta dokoki da Turanci, ya maimaita da Hausa. Ɗan kallo ba ya magana, ko tari mai ma'ana aka ji za a fitar da mutum. Ɗan da ka taɓa shi za ka tafi da shi. Idan gyara masa zama kawai za ka yi, sai ka fara faɗa da bakinka cewa za ka gyara, sannan ka taɓa.

Tanko ya matso jikin igiyar ya raɗa mini, "Ila, wannan gasa ce ko zaman makoki?"

"Ka dai riƙe hannunka," na ce.

"Hannuna ne zai gudu?"

Ya ci wasan farko. Na biyu suka yi kunnen doki da wani ma'aikacin banki. Na ga kunyar da ya shigo da ita ta fara sakinsa, har yana waiwayowa yana ɗaga mini gira. A na uku aka haɗa shi da wani ɗalibin jami'a mai suna Sharhabil, dogon saurayi mai ladabi, wanda ya rusuna ya ce, "Baba, a yi mini a hankali." Baƙaƙe suka faɗo hannun Tanko. Na ce a raina alhamdu lillahi, gida aka zo.

Sharhabil ya turo sojan gaban sarki gida biyu. Tanko ya ja labule. Sojoji suka cuɗe a tsakiya, ya turo na gefe, ya fito da doki, yaron ma ya fito da nasa dokin. Saura Hajiya ta fito unguwa. A nan ne na hango shi: ɗan farin zare, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, ya sauka daga hannun sabon kaftanin ya maƙale a kan baƙin sarkin Tanko.

Ni na riga shi gani. Na san abin da zai biyo baya kamar yadda na san sunana. Da a gindin dalbejiya muke da na ce masa kul, amma ga igiya a cikina, ga alƙali yana kai da komo. Na buɗe baki na rufe. Na roƙi Allah a zuci Ya sa fankar sama ta hure zaren. Fankar kuwa irin masu kasalar nan ce, da a shagona take da tuni na sauya mata kwandansa, ɗan abin da ke ba ta ƙarfin juyawa. Hannun Tanko ya tashi ya nufi sarauniya, har na fara sauke numfashi. Sai idonsa ya kauce. Ya ɗaga sarkin sama, ya tsince zaren, ya hure, ya mayar da sarkin gidansa. Bai ma san ya yi ba.

Alƙali yana tsaye a bayansa. Ya ce, "Malam, sarki za ka tafi da shi."

Tanko ya ɗago yana dubansa. Sharhabil ya yi saurin cewa, "Yallaɓai, zare ya cire, a idona. Ni na yafe."

"Ni ma na gani," in ji alƙalin, ba da faɗa ba. "Amma ya ɗaga shi daga allo bai ce komai ba. In na ƙyale wannan, anjima wani zai ɗaga doki, in ya ga bai yi masa ba ya ce ƙura ya hure."

Wanda bai san wasan ba sai ya ga kamar ƙaramin abu ne. To, sarki a farkon wasa zama yake a bayan mutanensa, daga baya a shigar da shi lungu a ɓoye. In ya taka ko sau ɗaya, wannan damar ta tafi. Kuma gida biyu kaɗai ke buɗe wa sarkin Tanko: ko ya taka gaba sak, ko ya karkata dama ya tsaya a gaban sarauniyarsa. Ya daɗe yana kallon gidajen nan biyu, agogonsa yana ci. Na ga gumi ya jiƙa bayan sabon kaftanin, na ga jijiyar gefen goshinsa ta tashi. Na tuna yana da hawan jini, kuma ban tabbata ya sha maganinsa da safe ba. Daga ƙarshe ya tura sarkin gaba sak, ya toshe wa nasa mutanen hanyar fita. Yaron bai yi wasa da damar ba. Ba a jima ba Tanko ya miƙa masa hannu.

A cikin Keke muna komawa, da muka kusa gida, sai ya juyo ya dube ni.

"Ila, ba zaren ba ne ya kashe ni."

"To mene ne, in ba shi ba?"

"Gidan da na kai sarkin. Da dama na karkata, da sai in sake takawa in shige bayan dokina. Da wasa bai mutu ba."

"Tela, tun da ka ɗaga shi aka yi maka salla. Ko Makka ka kai shi an gama."

Wannan gardama ita muka yi ta yi wata da watanni. Bayan la'asar ya sauko da jakar, ya jera wasan tun daga takun farko har inda zaren ya sauka, ya ce in riƙe farare. Ya karkata sarki dama, mu buga. In na ci shi ya ce a wani wuri ya yi kuskure, a sake. In ya ci ni na ce ai ni ba Sharhabil ba ne. Mai shayi ya gaji da mu, ya ce shi bai taɓa ganin mutanen da ke tono gawa ɗaya kullum suna sake binne ta ba. Abin da na lura shi ne, ko sau ɗaya Tanko bai yarda ya fito da sarauniya a wurin ba. Ya ce wannan takun an ƙwace masa shi, sai ya koma gasa zai karɓo abinsa.

Ya kuma ɗora wa kansa horo. Duk zaren da zai cire a jikin mutum, sai ya tsayar da hannu a sama ya ce, "Zan gyara," sannan ya tsince. Ya yi wa masu kawo ɗinki, ya yi wa liman, ya yi wa Hauwa'u a gida har ta ce in ya sake faɗa mata za ta zuba masa ruwan wanke-wanke. Abin ya zama abin dariya a layinmu, amma shi da gaske yake. Gasar baɗi yake jira.

Azumi ya zo, ɗinkin salla ya taru masa har saman tebur. Ya riƙa cewa ƙeyarsa na sara. Na tambaye shi maganin, ya ce yana sha in ya tuna. Ana saura 'yan kwanaki salla, da hantsi, ina kwance wata fanka sai na ji kekensa ya tsaya a tsakiyar ɗinki. Na san ƙarar tsayawarsa in zare ya tsinke, wannan ba ita ba ce. Sai wani abu ya bugi bangon. Na same shi a ƙasa tsakanin keke da tebur, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe yana kallona.

A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta tafi. Da aka sallame shi, ma'aikaciyar da ke gasa masa jiki ta ce a riƙa kawo shi sau biyu a mako ba fashi, domin watannin farko su ne ake samun abin da za a samu. Ta ce a riƙa yi masa hira, mai yiwuwa yana ji. Wannan "mai yiwuwa" ita ta hana ni sukuni. Kullum in na rufe shago ina zuwa in zauna a gefen katifarsa in yi ta surutu. Idonsa yana kan silin. Wani lokaci in ga kamar ya juyo, in na duba sosai sai in rasa tabbas.

Yayansa Ahmadu ya zo daga ƙauyensu a wajen Soba, ya kwana biyu yana kallon yadda ake ɗaga shi ana kwantarwa. Ba mugun mutum ba ne, shi ya riƙe Tanko bayan rasuwar mahaifinsu. Ya durƙusa a gabansa ya ce, "Tanko, wane ne ni?" Ya yi ta maimaitawa. Tanko bai ko ƙifta ba. Yaya Ahmadu ya fito tsakar gida ya ce zai tafi da shi gida.

Fadila ta ce, "Baffa, can babu masu gashi. In damina ta zauna hanyar ma ba ta biyuwa."

"Gashin me za a yi wa wanda bai san inda yake ba? Dubi uwarki yadda ta koma. Can akwai hannuwa da yawa, akwai masu magani. In kwanansa ya ƙare, ya ƙare a ɗakin da aka haife shi."

"Yana ji, Baffa."

"Ke kika ce. Ni na tambaye shi sunana."

Hauwa'u tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Ba za ta iya musu da yayan mijinta ba, kuma gaskiya ta gaji. Na ce, "Yaya, ku ƙara masa ko mako biyu ne." Ya ce, "Ila, na san zamanku. In yana gane mutane ya nuna mini, wallahi in bar shi. In ba haka ba, mota za ta zo ranar Alhamis."

Tun daga ranar nake kallon jakar nan a ƙusarta, domin makullin shagonsa a hannuna yake. Sau da yawa na miƙa hannu na janye. Tsorona shi ne in jera masa allon a gaban kowa ya ci gaba da kallon silin. In haka ta faru, ni da hannuna na tabbatar wa Yaya Ahmadu maganarsa, kuma na tabbatar wa kaina abin da ba na so in sani. Muddin jakar tana rataye, ina iya cewa abokina yana nan a ciki.

Ranar Alhamis da safe hadari ya haɗu ta gabas. Na tarar da mota a ƙofar gida, direba yana ɗaure katifa a sama, an fito da buhun kayan sawa. Na koma da sauri na ciro jakar.

An zaunar da Tanko a tabarma an jingina shi da bango, an sa masa hula. Yaya Ahmadu ya ga abin da ke hannuna ya ɓata rai.

"Dara a gaban mara lafiya, Ila? Da girmanka?"

"Yaya, ku ba ni gwargwadon yadda direba zai gama ɗaurinsa."

Ya matsa gefe. Fadila ta jawo ƙaramar kujera ta mata, na ɗora allon a kai dab da hannunsa na hagu. Na jera, baƙaƙe a wajensa. Na buga takun farare, na buga nasa, ina faɗa da baki kamar yadda yake yi. Na ja labule. Na cuɗe sojoji a tsakiya. Na fito da dawakai. Na tsaya a inda muke tsayawa kullum.

"To, Tela, ga mu a wurin. Ka taɓa sarki. Gaba za ka, ko dama?"

Idonsa ya sauko daga sama, amma ban iya cewa allon yake kallo ko ƙasa ba.

"Ni dai har gobe ina nan a kan bakana," na ce. "Ko ina ka kai shi an gama da kai. Yaron nan ya fi ka, ka yarda kawai."

Da yana lafiya da tuni ya ce in rufe masa baki, mai fanka me ya sani. Yanzu ko gira bai motsa ba. A waje direba ya danna ham. Aka fara yayyafi a kan kwano. Hauwa'u ta juya ta shige ɗaki. Yaya Ahmadu ya ce a hankali, "Ya isa, Ila. Kada ka wahalar da kanka. Kama mini shi ta wancan gefen."

Na sa hannu zan kwashe 'ya'yan. Fadila ta riƙe mini hannun riga.

Hannun hagun Tanko ne ya tashi daga cinyarsa. A hankali yake tafiya, kamar an ɗaura masa dutse. Ya wuce sojoji, ya kai saman sarki, ya tsaya a nan yana karkarwa, bai taɓa ba. Sai a lokacin na ga abin da idonsa ke kai. Wani jan zare daga cikin jakar ya naɗe a kan sarkin, ni ban ma lura ba sa'ad da nake jerawa.

Hannun ya daɗe a sama. Yaya Ahmadu ya ce, "Kun gani, ba ya iya sauke shi." Ni ma abin da na zata ke nan, har na yunƙura in taimaka masa. Sai na ga leɓensa yana motsi. Gefen bakin da ke aiki ya ja, wuyansa ya kumbura, yawu ya zubo masa a haɓa. Wani sauti ya fito.

"...ra."

Ya sake tattaro ƙarfinsa.

"Gya... ra."

Fadila ta toshe bakinta da mayafi. Sannan ne yatsun suka sauka. Ya kama zaren ya kuɓuce, ya sake kamawa, sarkin ya yi tangaɗi bai faɗi ba. Da ya cire shi ya kai kusa da baki zai hure, iskar ba ta fito ba, zaren ya zauna a yatsansa. Na jira in ga gaba zai tura sarkin ko dama. Bai sake kallon sarkin ba. Ai ya faɗa kafin ya taɓa, babu alƙalin da zai tilasta masa. Hannun ya koma kan sarauniya, ya tura ta da bayan yatsa a karkace, gida ɗaya, gida biyu, ta tsaya a gefen doki. Ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun ranar da na ɗauke shi a ƙasan shago.

Na ce a raina, to, Hajiya ta fito unguwa.

Yaya Ahmadu ya ce, "Me ya yi?"

Na fara yi masa bayanin doka da gasa da buɗin wasa, ya ɗaga mini hannu. Ba allon yake kallo ba, jan zaren da ke yatsan ƙaninsa yake kallo.

"Ni ban san wannan darar taku ba," ya ce. "Amma tun yana ɗan ƙarami, in mun dawo daga sussuka, ba ya bari in ci tuwo sai ya tsince ƙaiƙayin da ke kaina." Ya durƙusa ya goge masa haɓa da bakin rigarsa. "Ashe kana jina ka yi mini shiru, ɗan nema."

Ya tashi ya fita cikin yayyafin. Muka ji yana ce wa direba ya kwance katifar kafin ta jiƙe.

Tanko ya ƙara wata takwas a duniya, duk a Kaduna. Ni da Fadila muke kai shi gashi a Keke. Hannun dama bai dawo ba, keken ɗinki kuma bai sake hawa ba. Amma ƙafar ta ɗan saki, har ya riƙa takowa da sanda zuwa gindin dalbejiya. Kalmominsa ba su da yawa: sunan Hauwa'u, sunan Fadila, "a sake," da kuma "ƙarya," wadda ni yake ajiye wa. Wata Asabar Fadila ta nemo Sharhabil ya zo har unguwa. Suka jera wasan zuwa inda aka tsaya, Tanko ya fito da sarauniyarsa, aka ci gaba daga nan. Yaron ya sake cinsa, amma sai da aka kira la'asar aka dawo, kuma ya yi gumi. Tanko ya yi ta dariya da rabin baki. Na ce, "Ka ga ni na faɗa maka ya fi ka." Ya ce, "Ƙarya."

Ciwon ya sake bugunsa wata safiya bayan ya karya kumallo, kafin a samo mota ya cika. Wani tela daga layin baya ya ɗinka likkafanin, da zaren da aka zare daga jikin yadin, yadda Tanko yake yi wa mutane. Da aka gama shirya shi aka fito da shi zaure, ni da Yaya Ahmadu muna tsaye ta wajen kai. Idonmu ya sauka a wuri ɗaya. Wani ɗan zare ne ya saura a kan kafaɗa.

Yaya Ahmadu ya ce, "Cire masa, Ila. Ka san halinsa."

Na tsayar da hannuna a sama na ce, "Zan gyara." Sannan na tsince, muka ɗauke shi.